Takaicin Mai Goyon Baya: Abin da Kimiyya Ta Gano Idan Ƙungiya Ta Kasa Cin Wasa

Garin Kutemeshi yana gabashin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, a yankin su Kuyello da Dogon Dawa, inda noma shi ne sana'ar kusan kowa. Ba shi da babban filin wasa, ba shi kuma da ƙungiyar da ke buga gasar ƙasa. Amma ranar Lahadi da yamma, idan an taso daga gona, ba a rasa samari sun kewaye akwatin rediyo ko wayar salula suna jiran sakamakon wasannin da aka buga a Kano da Aba da Fatakwal. A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa dajin Birnin Gwari, har tafiya Kaduna ta zama sai da addu'a, wannan ɗan zama na yamma yana cikin 'yan abubuwan da suka rage wa matasa na ɗebe kewa.

A ɗauka ga wani saurayi daga cikinsu, mai goyon bayan Kano Pillars, ƙungiyar da ake yi wa kirari da Sai Masu Gida. Ya taso yana jin labarin yadda ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, bayan an yi 1 da 1 a Kano, aka kuma yi 2 da 2 a Alƙahira. Da wayonsa ta ɗauki kofin gasar Nijeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, ban da na farko da ta ci a 2008. Sai ga kakar wasa ta 2021 zuwa 2022 ta zo da wani abu daban. Mako ya bi mako, yau kunnen doki, gobe kashi, ƙungiyar tana zamewa ƙasan teburi, har a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu tare da Katsina United da Heartland da MFM. Saurayin nan ya shafe watanni cikin ƙunci. Idan an ci Pillars, tuwon dare ba ya yi masa daɗi, barci yakan ƙaurace masa, ƙannensa kuwa sun san ranar ba ta zuwa kusa da shi ba ce. A majalisa maganarsa ɗaya ce: 'yan wasan nan ba su da kishi, koci bai san aikinsa ba, a kore shi.

Manya sukan yi wa irin wannan saurayi dariya, su ce abin da ba ya ƙara maka ko tiya ɗaya ta masara, me ya sa zai hana ka barci? Tambayar tana da kyau, kuma masana kimiyya sun daɗe suna bin diddiginta. Abin da suka samo ya kasu biyu. Zafin da saurayin ke ji na gaskiya ne, har ana iya auna shi a cikin miyau da jini. Hukuncin da yake yankewa a kan ƙungiyar kuwa, sau da yawa lissafi bai goyi bayansa ba.

Jiki ba ya cewa wasa ne

A ranar 5 ga Yuli, 1994, Nijeriya tana gaban Italiya da ci ɗaya, wanda Emmanuel Amunike ya jefa, saura minti biyu a tashi, sai Roberto Baggio ya farke, ya kuma ƙara na biyu da bugun fenariti a ƙarin lokaci. Duk wanda ya kalli wasan bai manta da daren ba. Italiyar nan ita ce ta kai wasan ƙarshe ta haɗu da Barazil, aka tashi ba ci, aka je bugun fenariti, Baggio ɗin ya buga nasa sama da raga. A ranar wasan ƙarshen, wasu masana daga wata jami'a ta birnin Atalanta a Amurka, su Paul Bernhardt da James Dabbs, sun karɓi miyan magoya bayan ƙasashen biyu da ke kallo ta talabijin, kafin wasa da kuma bayansa. Suka auna sinadarin testostiron, wanda ke da alaƙa da ƙarfin gwiwa da son rinjaye. Rahoton da suka buga a 1998 ya nuna cewa sinadarin ya hau a jikin magoya bayan Barazil, ya sauka a jikin na Italiya. Babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan da ya taɓa ƙwallo a ranar. Jikinsu ne ya ɗauka cewa da su aka yi karon.

Akwai wani sinadarin mai suna kotizol, wanda wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda ke fitarwa idan mutum ya shiga damuwa. Shi da abokin tafiyarsa adirenalin su ne ke shirya jiki don faɗa ko gudu: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a jini, ciki ya dakata da narka abinci. Dalilin da ya sa tuwo ke fita ran saurayin Kutemeshi ke nan. A gasar cin kofin duniya ta 2014, Martha Newson ta Jami'ar Oxford da abokan aikinta sun auna kotizol a miyan magoya bayan Barazil, har da ranar da Jamus ta lallasa su da ci 7 da 1. Sun tarar cewa waɗanda suka fi jin cewa su da ƙungiyar abu ɗaya ne su ne kotizol ya fi hauhawa a jikinsu.

Ga matashi mai lafiya, wannan hauhawa takan lafa bayan 'yan sa'o'i. Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya, lamarin ya wuce nan. Lokacin gasar kofin duniya ta 2006, likitoci a yankin birnin Munik na Jamus sun ƙirga mutanen da aka garzaya da su asibiti saboda matsalar zuciya. A ranakun da Jamus ke wasa, adadin ya ninka na sauran ranaku sau 2.66, a tsakanin maza kuwa ya haura ninki uku, kuma abin ya fi tsanani a sa'o'i biyu na farko bayan take wasa. Kusan rabin waɗanda abin ya shafa an riga an san suna da ciwon zuciya. A Ingila ma, ranar da Ajantina ta fitar da ƙasar da bugun fenariti a 1998 da kwana biyun da suka biyo baya, masu shiga asibiti da bugun zuciya sun ƙaru da kashi 25 cikin 100. Munik tana da motocin asibiti da ke isowa cikin mintoci. Dattijon da ke ƙauyen da ke da nisa da babban asibiti, a kan hanyar da ba a bi da dare, ya fi kowa bukatar ya sha maganinsa na hawan jini a kan kari, ya kuma tashi daga wurin rediyo idan ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi.

Ma'aunin takaici shi ne tsammani

Me ya sa kashin da Pillars ta sha ya fi yi wa magoya bayanta zafi fiye da yadda irinsa ke yi wa magoya bayan ƙaramar ƙungiyar da ta saba zama a ƙasan teburi? Amsar ta fito daga wani wuri da ba a zata ba, watau ɗakin gwajin birai a Jami'ar Fribourg ta ƙasar Suwizalan. A can Wolfram Schultz ya riƙa sauraren motsin wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dofamin yayin da ake ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki. Idan ruwan ya zo ba zato, ƙwayoyin sukan zabura. Idan an koya wa birin cewa duk lokacin da fitila ta haska ruwa na tafe, sai su daina zabura da isowar ruwan, su koma zabura da hasken fitilar. Idan kuwa fitila ta haska amma ruwa bai zo ba, sai su yi tsit, su sauka ƙasa da yadda suke a da, daidai lokacin da ya kamata ruwan ya iso. Bayanin da aka buga a 1997 shi ne cewa waɗannan ƙwayoyi ba daɗin abu suke aunawa ba. Tazarar da ke tsakanin abin da aka sa rai da abin da aka samu suke aunawa.

Kofuna huɗu da shekaru goma sha biyu ba a ci Pillars a gida ba, daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015 da Nasarawa United ta karya tarihin, su ne fitilar da ta koya wa magoya baya sa rai. Nasara ta zama abin da aka saba, ba ta ƙara zaburar da kowa sosai. Kunnen doki a gida kuwa ya zama kamar an ƙwace wa mutum abin da ke hannunsa. Daɗin daɗawa, tun 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa ɗan Adam ya fi jin zafin asara fiye da daɗin riba mai girma ɗaya. A 2018 wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Sussex a Ingila, Peter Dolton da George MacKerron, sun gwada wannan a kan 'yan kallon ƙwallo, ta hanyar bayanan da mutum wajen 32,000 suka riƙa aikawa ta wayoyinsu game da yanayin ransu. Sun tarar cewa baƙin cikin kashi ya kai ninki biyu na farin cikin nasara, ya kuma fi shi daɗewa. A bisa wannan lissafi, ko mai goyon bayan ƙungiyar da ke cin rabin wasanninta ba lallai ne ya fita da riba ba.

Tsammanin da ya karye ba a cikin ƙirjin mai shi kaɗai yake tsayawa ba. David Card da Gordon Dahl sun duba rahotannin 'yan sanda na Amurka a ranakun wasan ƙwallon zari-ruga irin na ƙasar, suka buga sakamakon a 2011. Idan ƙungiyar gari ta sha kashi a wasan da kowa ya sa rai za ta ci, dukan da maza ke yi wa matan gida yakan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100. Idan an riga an san za ta sha kashi, ba a ganin wannan ƙari. Ƙannen saurayin Kutemeshi da ke kauce masa ranar da aka ci Pillars sun gano wannan ba tare da sun karanta rahoton kowa ba.

Wani abin lura, wanda kowane ɗalibi zai iya gwadawa da kunnensa a majalisa: tun 1976 Robert Cialdini ya lura cewa ɗaliban jami'o'in Amurka sukan ce "mun ci" idan ƙungiyarsu ta yi nasara, amma idan ta faɗi sai su ce "an ci su". Mai goyon baya na haƙiƙa shi ne wanda ya kasa yin wannan dabara, yake cewa "an ci mu", shi ya sa ya fi kowa shan wahala.

Takardu huɗu a cikin hula

Yanzu sai a koma ga hukuncin da saurayin ya yanke, cewa wasa biyar ba nasara shaida ce ta lalacewar ƙungiya. A nan lissafi ke da magana.

Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci. A manyan gasanni, ƙungiyoyin biyu a haɗe ba su cika wuce ƙwallo biyu zuwa uku a wasa ba. Abin da ke aukuwa jefi-jefi irin wannan yana bin wata ƙa'ida da wani Bafaranshe, Siméon Poisson, ya bayyana a 1837, kuma tun wajen 1951 masana ƙididdiga a Ingila suka fara gwada ta a kan sakamakon ƙwallo suka ga ta yi kusa da dacewa. A ƙaddara ƙungiya mai ƙarfi wadda, idan an raba ƙwallayenta a kan wasanninta, take cin ɗaya da rabi a kowane wasa, ana kuma cin ta ɗaya. Wannan ƙungiya ce mai kyau, irin wadda ke neman kofi. Idan aka bi ƙa'idar Poisson, a cikin wasa 100 za ta ci kimanin 49, ta yi kunnen doki a 26, a doke ta a 25. A wasa 22 daga cikin ɗarin ba za ta jefa ko ƙwallo ɗaya ba. Ba ciwo, ba rashin albashi, ba son zuciyar alƙalin wasa. Yanayin wasan ne kawai ya ba da haka, domin ƙwallon da ta bugi turke ta shiga da wadda ta bugi turke ta fito, tazararsu ba ta kai faɗin yatsa biyu ba.

Malami zai iya nuna wa ajinsa wannan a darasi guda, ba tare da sayen komai ba. A yanki takarda huɗu masu girma ɗaya. A rubuta "nasara" a kan biyu, "kunnen doki" a kan ɗaya, "kashi" a kan ɗaya, a nannaɗe su a zuba cikin hula. Kowane ɗalibi ya zama ƙungiya guda. Ya zaro takarda ɗaya ido rufe, ya rubuta abin da ya samu, ya mayar da ita, a girgiza hular, ya sake zarowa, har sau 38, adadin wasannin da kowace ƙungiya ta buga a gasar Nijeriya ta 2021 zuwa 2022. Nasara maki uku, kunnen doki maki ɗaya, kashi ba komai. Sharaɗin mayar da takarda kafin a sake zara yana da muhimmanci, domin shi ne ke sa kowane wasa ya tsaya da ƙafarsa.

Duk ɗaliban ƙarfinsu ɗaya, tunda hula ɗaya suke zara. Amma idan aka jera makinsu a allo, za a ga abin mamaki. Matsakaicin maki zai faɗa wajen 66 ko 67, sai dai a aji mai ɗalibi arba'in ba wuya a sami wanda ya haura 80 da wanda ya tsaya kusa da 50. A gasa ta gaske, wannan tazara ce tsakanin mai ɗaukar kofi da wanda ake yi wa ihu. Sa'an nan kowa ya duba jerin sakamakonsa. Kusan dukan ajin, wajen 38 cikin 40, za su tarar da wurin da suka yi wasa uku a jere ba nasara. Kimanin 18 cikin 40 za su tarar da wasa biyar ko fiye a jere ba nasara. Watau ƙungiyar da ke cin rabin wasanninta, a kusan rabin kakanninta za ta shiga irin halin da ke sa magoya baya cewa ta mutu, alhali ba abin da ya canja a cikin hular.

Daga nan sai malamin ya tambayi ɗalibin da ya fi kowa ƙarancin maki dalilin faɗuwarsa. Za a sha dariya, domin kowa ya ga ba dalili. To amma da a ce an ɓoye hular, an nuna wa baƙo jerin sakamakon kawai, da ya kawo dalilai goma. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam gwanar neman sanadi ce, kuma wannan baiwa ce da ke taimakon manomi ya gane alamar ruwa da sawun dabba. Aibinta shi ne ba ta iya yin shiru a inda babu sanadin da za a samo.

A kori koci

Idan ƙungiya ta yi wasa biyar ba nasara aka kori koci, sabo ya zo, sau da yawa sakamako yakan gyaru. Magoya baya su ce ga shi nan, da ma mun faɗa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a majalisa, kuma ita ce mafi rauni a wurin masana ƙididdiga.

Dalili shi ne wata ƙa'ida da Francis Galton ya bayyana a 1886, bayan ya auna tsawon iyaye da na 'ya'yansu a Ingila. Ya ga cewa iyaye dogaye ƙwarai sukan haifi 'ya'ya dogaye, amma galibi ba su kai iyayen ba. Gajeru ƙwarai kuma 'ya'yansu sukan ɗan fi su tsawo. Ana kiran wannan komawa ga matsakaici. Duk abin da sa'a ke da hannu a cikinsa, idan ya kai maƙura a sama ko a ƙasa, abin da zai biyo baya ya fi yiwuwa ya matso tsakiya. Manomi ya san haka a gonarsa: shekarar da ta biyo bayan mummunar damina yawanci takan fi ta, ko an sauya iri ko ba a sauya ba. Haka mai mura da ya sha jiƙo a ranar da ciwon ya fi tsanani; washegari ya ji sauƙi, jiƙo ya sami suna.

Ba a korar koci sai a lokacin da sakamako ya kai ƙarshen muni, watau daidai lokacin da gyaruwa ta fi yiwuwa ko da ba a taɓa kowa ba. A gwajin hula, ɗalibin da ya zaro biyar ba nasara zai iya sauya hannun da yake zara da shi, daga dama zuwa hagu, kuma mai yiwuwa biyar na gaba su fi kyau. Hannun hagu bai yi komai ba. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Bas ter Weel, ya bi sakamakon babbar gasar ƙasarsa daga 1986 zuwa 2004, ya kwatanta ƙungiyoyin da suka kori koci a tsakiyar kaka da waɗanda suka shiga irin wannan mummunan hali amma suka haƙura da nasu. Rahotonsa na 2011 ya nuna cewa duka ɓangarorin biyu sun farfaɗo, kuma kusan daidai wa daida. Wannan ba ya nufin duk koci ɗaya ne, ko kuwa babu wanda ya cancanci kora. Abin da yake nufi shi ne wasa biyar sun yi kaɗan a gane ko wane ne.

Inda saurayin ke da gaskiya

Kada a ɗauka cewa komai sa'a ce. Sa'a tana da ƙarfi a wasa biyar, ƙarfinta yana raguwa a wasa 38, a kaka uku ko huɗu kuwa kusan ba ta da ta cewa. Dattawan Jihar Kaduna suna da misali a hannu. Ranchers Bees ta Kaduna, inda Daniel Amokachi ya fara fitowa, ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1988, inda ƙungiyar Bizerte ta Tunisiya ta doke ta, ta kuma ɗauki kofin Afirka ta Yamma a 1989. Kaduna United ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 2010, da ta doke Enyimba da bugun fenariti. Dukansu biyu sun bar babban rukuni daga baya, suka shafe shekaru a waje. Faɗuwa mai tsawo irin wannan ba a cikin hula take ba. Takardun da ke cikin hular ne suka canja, kuma abin da ke canja su sananne ne a ƙwallon Nijeriya: kuɗin gudanarwa, biyan 'yan wasa a kan lokaci, riƙe ƙwararru, da renon matasa.

Game da Pillars ta 2022, akwai wani sanadi da za a iya nunawa da yatsa, shi ne gida. Richard Pollard da Miguel Gómez sun auna fa'idar wasa a gida a gasannin ƙasashe 157, suka buga sakamakon a 2014. Nijeriya ce ta zo ta ɗaya a duniya: kusan kashi 87 cikin 100 na makin da aka samu a gasarta, masu masaukin baƙi ne suka same shi. Dalilan suna da yawa, daga doguwar tafiya a mota zuwa sabo da fili, amma ihun 'yan kallo yana cikinsu, kuma an gwada shi. A 2002 Alan Nevill da abokan aikinsa a Ingila sun nuna wa alƙalan wasa 40 hoton bidiyo na wasa ɗaya tsakanin Liverpool da Leicester, wasu da ƙarar 'yan kallo, wasu shiru. Waɗanda suka ji ƙarar sun hura wa masu gida laifi ƙasa da na sauran da kashi 15.5 cikin 100. Ba cin hanci ba ne, ba kuma da gangan ba. Kunne ne ke rinjayar ido. A 2020, da annobar korona ta sa aka riƙa wasa a filaye ba kowa, fa'idar gida ta ragu a gasanni da dama na Turai.

To ƙungiyar da sunanta ma Masu Gida ne, ta shafe lokaci mai tsawo tana karɓar baƙinta a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna maimakon filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. Ga saurayin Kutemeshi abin ya zo da ɗaci biyu, domin ga ƙungiyarsa ta sauka a babban birnin jiharsa, amma halin da hanya ke ciki bai bar shi ya je ya gan ta ba. Da aka koma Kano a watan Afrilu na 2022, wasan da aka yi da Katsina United bai kai ƙarshe lafiya ba: 'yan kallo suka kutsa fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta mayar da wasanninta na gida Abuja, kuma kafin kakar ta ƙare an zaftare mata maki saboda rashin ɗa'a a filin wasa. A nan ne takaicin mai goyon baya ya tashi daga zama abin da ke cikin ƙirji ya shiga cikin teburin gasa. Ƙungiyar da ke fama da ƙarancin maki ta rasa wasu a ofis, ta kuma rasa ihun da binciken Nevill ya nuna amfaninsa.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai goyon baya mai ilimi ba ita ce wasa nawa aka yi ba nasara ba. Sai ya tambaya ko wani abu ya canja a cikin hular. Shin ƙungiyar tana kai hari kamar da, ƙwallo ce kawai ke ƙin shiga, ko kuwa ta daina isa gaban raga? Shin an sayar da masu cin ƙwallo ba a maye gurbinsu ba? A ina take wasanninta na gida? Manyan ƙungiyoyin Turai yanzu suna ɗaukar masana lissafi aiki don amsa tambaya ta farko, suna ƙirga yawan damar da aka samu da ingancin kowace, domin sun gano cewa wannan ya fi sakamakon makon jiya faɗin abin da zai faru gobe. Ɗalibin sakandare da ke da littafin rubutu da biro zai iya yin irinsa ga ƙungiyar makarantarsu: ya riƙa ƙirga bugun da aka kai raga daga cikin da'irar mai tsaron gida, nasu da na abokan karawa, wasa bayan wasa, ya ga wanne ya fi tsayawa a wuri ɗaya tsakanin wannan adadi da adadin ƙwallayen da suka shiga.

A 2023, a wasannin neman hawa da aka buga a Asaba, Kano Pillars ta dawo babban rukuni bayan kaka ɗaya tak. Katsina United da Heartland ma sun dawo tare da ita, watau uku daga cikin huɗun da suka faɗi. Ƙarfin aljihunsu a kan ƙananan ƙungiyoyin rukuni na biyu yana cikin dalili, komawa ga matsakaici ma tana ciki. A majalisar Kutemeshi kuwa, saurayin da a 2014 ya karɓi labarin kofi na uku a jere kamar abin da aka saba, a wannan karon ya kasa zama wuri ɗaya don murnar tikitin komawa rukunin da a da bai taɓa tunanin za a bari ba.